Kano: Wace kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta dace da manhajar Linux?

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft na Amurka ya daina kula da babbar manhajarsa ta Windows 10, shekaru goma bayan fitowarta, matakin da ya shafi miliyoyin masu amfani da tsofaffin kwamfutoci a sassa daban-daban na duniya.

Kwamfutocin dai ba su daina aiki ba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke aikawa a kai a kai ta intanet, domin toshe kafofin da masu kutse ke bi. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adin shekara guda, zuwa watan Oktoban 2026, ga waɗanda suka yi rajista.

Ga mazauna cikin birnin Kano, wannan batu ya fi kusa da gida fiye da yadda ake zato. Ɗalibin da ke fitowa daga Yakasai ko Mandawari zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, da malamin Islamiyya da ke buga takardun jarrabawa a Gwale, da mai shagon buga takardu a bakin Ƙofar Nasarawa, akasarinsu kwamfutocin hannu suke amfani da su, waɗanda aka gama yayinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin a shigo da su Najeriya.

Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Manhajar, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana buƙatar wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, wadda aka fara fitarwa a ƙarshen 2017.

Ke nan kwamfutoci irin su HP EliteBook 840 G3, da Dell Latitude E7470, da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda duk ƙirar 2016 ne, kuma suna cikin waɗanda aka saba gani a kasuwannin Najeriya, ba sa cikin jerin da kamfanin ya amince da su. A watan Disambar 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya komawa bola a duniya saboda wannan sauyi.

Sayen sabuwa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Tun da gwamnati ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma duk wata kwamfuta da ke kasuwar Kano da dala aka sayo ta.

Haɗarin zama da manhajar da ba a gyara ta

Wanda ya ci gaba da shiga intanet da manhajar da aka daina kula da ita, tamkar mai kwana ne a ɗakin da sakatarsa ta karye.

An ga misalin haka a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ciki har da na asibitocin gwamnati a Ingila. Kwamfutocin da ba a sabunta tsaronsu ba ne suka fi shan wahala.

Akwai dabarun da masu gyara ke bi su ɗora Windows 11 a kan kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba, sai dai Microsoft ya yi gargaɗin cewa ba ya ba da tabbacin irin waɗannan kwamfutoci za su ci gaba da samun gyare-gyare.

Wannan ne ya sa hankali ya sake komawa kan Linux, wata babbar manhaja da ake samu kyauta, wadda kuma ke aiki a kan kwamfutoci masu shekaru.

Mece ce Linux?

Wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta jigon manhajar a 1991, aka haɗa shi da ayyukan shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983.

Ana kiran irinta buɗaɗɗiyar manhaja, domin rubutun da aka gina ta da shi a fili yake. Kowa na da izinin ya duba, ya gyara, ya kwafa, ya kuma ba wani.

Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da jigon Linux ko da bai sani ba. Kazalika tun daga watan Nuwamban 2017, dukkan manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ba da sanarwar sauya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa buɗaɗɗun manhajoji.

Linux tana zuwa iri-iri. Wadda ta fi shahara ita ce Ubuntu, wadda attajirin nan ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ana fitar da wani zubi mai dogon zango da ake kula da shi kyauta na tsawon shekara biyar. Misali, zubin 24.04 da ya fito a 2024 zai ci gaba da samun gyara har zuwa 2029.

Akwai kuma Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, fuskarta kuma ta yi kama da ta Windows, abin da ya sa sababbin shiga suka fi saurin sabawa da ita.

Batun izinin kwafa yana da muhimmanci ta wata fuskar. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin manhajojin da ake ɗora wa jama'a a kasuwa ba su da lasisi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a sabon salonta a 2023, ta haramta hakan. Haka kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na maƙirƙiri abin kiyayewa ne a shari'a. Mai kwafar Linux ya ba maƙwabcinsa bai shiga wannan takaddama ba, domin masu ita ne suka halatta.

Ba yau Najeriya ta fara ba

A 2007 an gwada ƙananan kwamfutocin shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutarsa, wanda Farfesa Nicholas Negroponte na Amurka ya jagoranta, a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja. Da Linux suke aiki.

A cikin shekarar ne kuma kamfanin Mandriva na Faransa ya ƙulla cinikin ɗora Linux a kan kwamfutocin Classmate 17,000 domin makarantun Najeriya. Cinikin ya jawo ce-ce-ku-ce bayan da shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan yunƙurin sauya manhajar da Windows.

Tambayoyin da suka dabaibaye waɗancan shirye-shirye su ne na wutar lantarki, da horar da malamai, da kuma wanda zai yi gyara idan na'ura ta lalace. Su ne dai har yanzu ke gaban duk mai shirin saye a Kano.

Ba kowace kwamfuta ke karɓar ta ba

Kwamfuta tarin na'urori ce: ta kama Wi-Fi, da ta sauti, da ta hoto, da kyamara, da sauransu. Kowace na buƙatar wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke yi mata tafinta da babbar manhaja.

Wasu kamfanoni na bayar da direbobinsu a fili, sai a saka su cikin Linux tun daga tushe. Wasu kuwa na riƙe nasu. A nan ne bambancin yake.

Na'urar Wi-Fi ta kamfanin Intel, alal misali, takan kama aiki nan take. Ta Broadcom kuwa, da wasu na Realtek, sau da yawa sai an sauko da ƙarin direba, kuma ga shi ba a iya saukowa da shi sai da intanet ɗin da ake nema. A irin wannan hali akan jona waya da kebul a ari intanet ɗinta.

Haka abin yake a ɓangaren hoto. Na'urorin Intel da AMD ba su cika ba da wahala ba, yayin da na Nvidia kan buƙaci direba na musamman, kuma suna cin batir.

Kwamfutocin da aka ƙera domin ma'aikatu da kamfanoni, wato jerin ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook ko ProBook na HP, sun fi dacewa da Linux a kan waɗanda aka yi domin amfanin gida. Dalili shi ne an sayar da su da yawa, kuma masu rubuta manhajar kansu sun daɗe suna amfani da su, musamman ThinkPad, wadda IBM ya fara ƙerawa a 1992 kafin Lenovo na ƙasar Sin ya saye sashen a 2005.

Dell ya fara sayar da kwamfutoci ɗauke da Ubuntu tun 2007, kuma kamfanin Canonical mai kula da Ubuntu yana da jerin kwamfutocin da ya gwada ya tabbatar, wanda kowa ke iya dubawa a waya kafin ya tafi kasuwa.

Akwai waɗanda ya kamata sabon shiga ya yi taka-tsantsan da su. Kwamfutocin Apple da aka fara ƙerawa da ƙwaƙwalwar M1 daga 2020 suna buƙatar wani zubi na musamman mai suna Asahi Linux. Su kuwa ƙananan Chromebook, duk da arharsu, ma'ajiyarsu ƙarama ce, kuma sauya musu manhaja aikin ƙwararru ne.

A Amurka da Jamus akwai kamfanoni irin su System76 da Tuxedo waɗanda suke ɗora Linux a kan kayansu. Kayan na da kyau, amma ga mazaunin Kano, idan fuskar kwamfutar ta fashe, sai ya jira a aiko masa daga wata uwa duniya.

Gwaji kafin biya

Ganuwar Kano ta kewaye Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, amma cinikin kwamfuta a wajen badala yake gudana, a wurare irin su Titin Beirut da kasuwar Farm Centre. Kaso mai yawa na kayan daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas suke haurowa.

Sai dai ƙa'idar ciniki ɗaya ce a ciki da waje: ba a sayen biri a sama.

Linux na da wata fa'ida da ta dace da wannan ƙa'ida. Ana iya ɗora ta a kan filashi mai girman gigabait 8, a tayar da kwamfuta daga filashin, a gwada komai, ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Da zarar an zare filashin, sai ta koma yadda take. Ana shirya irin wannan filashi da ƙananan manhajoji na kyauta kamar Rufus ko Ventoy.

A cikin minti goma sha biyar mai saye zai iya kunna intanet ɗin wayarsa ya ga ko kwamfutar ta kama, ya saurari sauti ta lasifika da ta abin kunne, ya buɗe kyamara, ya ƙara hasken fuska ya rage, ya kuma danna kowane harafi.

Gwaji mafi muhimmanci da akan manta shi ne rufe murfin kwamfutar na minti ɗaya sannan a buɗe. Idan ta farka daga inda aka tsaya, alama ce mai kyau. Idan ta maƙale, to mai ita zai yi ta fama da mutuwar batir a cikin jaka.

Daga cikin filashin dai ana iya ganin lafiyar ma'ajiyar bayanai, da kuma yawan ƙarfin da ya rage wa batir idan aka kwatanta da lokacin da yake sabo. Wannan bayani ne da tsaftar jikin kwamfuta ba za ta nuna ba.

Akwai kuma tarkon da ke tattare da kwamfutocin da suka fito daga ma'aikatu. Wasu na zuwa da kalmar sirri a kan tsarin farko na na'urar, wanda ake kira BIOS, ta yadda ba za a iya sauya komai ba. Idan mai shago ya kasa buɗe wannan shafi a gaban mai saye, barin cinikin ya fi alheri.

Daga ƙarshe, yana da kyau a rubuta a rasit adadin kwanakin da aka amince a dawo da kaya idan wani aibi ya bayyana, tare da lambar jikin kwamfutar. Rubuta lambar na kare mai saye idan daga baya aka yi zargin kayan na sata ne.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

Yanayin Kano na da nasa sharuɗɗan. Tsakanin watan Maris da Mayu zafi kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos, a lokacin hunturu kuma ƙura kan toshe fankar kwamfuta har ta riƙa ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta.

Don haka kwamfutar da ake kwance bayanta da sukurdireba, a share fanka, a sauya batir, ta fi siririyar da aka manne komai nata. Lenovo da Dell da HP duk suna wallafa littattafan gyaran kwamfutocinsu na ma'aikatu kyauta a intanet, hoto bayan hoto.

A unguwannin da wuta ba ta zama, batir ya fi saurin ƙwaƙwalwa muhimmanci. Mai saye na iya tambayar farashin sabon batir da caja na irin kwamfutar tun kafin ya biya kuɗinta.

Ta fuskar ƙarfi, ma'adanar wucin gadi, wato RAM, mai gigabait 4 za ta ɗauki Linux mara nauyi irin zubin Xfce na Linux Mint, amma gigabait 8 ya fi kwanciyar hankali. Ma'ajiya irin ta SSD kuwa ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba, kuma ta fi jure jijjigar Adaidaita Sahu.

Wa zai gyara idan ta lalace?

A Turai, idan ana maganar tallafi, ana nufin garantin kamfani da lambar wayar da za a kira. Kwamfutar hannu da ta kai shekara bakwai ko takwas ta daɗe da fita daga garanti, saboda haka tallafin mai ita a Kano ya rataya ne a kan mutane biyu.

Na farko shi ne mai gyara a kasuwa. Shi ba ruwansa da irin manhajar da ke ciki idan matsalar ta fuska ce, ko madannai, ko wurin caji. Abin da yake buƙata shi ne kayan gyara, kuma kayan gyara sun fi samuwa ga irin kwamfutar da ta cika kasuwa. Wannan ne ya sa kwamfutar da ake gani a kowane shago ta fi baƙuwa mai ƙyalli amfani.

Amma idan matsalar ta manhaja ce, akasarin masu gyara da Windows suka saba, kuma maganin da aka fi sani shi ne a goge komai a sake ɗorawa. Mai Linux da ya miƙa kwamfutarsa ba tare da bayani ba, yana iya dawowa ya tarar an share masa kundin digirinsa. Ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri kafin a kai gyara wajibi ne.

Na biyu shi ne wanda ya riga shi fara amfani da manhajar. Ana samun irinsu a tsakanin ɗalibai da malaman kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar, da kuma cibiyoyin horarwa. Kano ce ma mazaunin cibiyar CITAD, wadda ta daɗe tana aikin yaɗa ilimin fasahar sadarwa a arewacin Najeriya.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce mutum ya zaɓi irin Linux ɗin da na kusa da shi ke amfani da ita, domin ya samu wanda zai tambaya. Bayanan taimako a intanet suna da yawa, sai dai galibinsu da Turanci ne, sai kuma Larabci da Faransanci.

Tarayya na rage kuɗin data ma. Ubuntu ta kai kusan gigabait 6, Linux Mint kuma kusan 3, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashin kira da data. Filashi ɗaya ya ishi aji guda.

Abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba

Ga mai rubutu, da lissafi, da bincike a intanet, da sauraron karatu, Linux ta wadatar. Tana zuwa da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin shafi kan ɗan goce a wasu lokuta, don haka ya fi kyau a mayar da takarda PDF kafin a kai ta bugu. Firefox, da Chrome, da Zoom, da VLC duk suna aiki.

Tana kuma ɗauke da tsarin madannai na Hausa, mai haruffan ɓ da ɗ da ƙ, da kuma na Larabci mai tafiya daga dama zuwa hagu, ba tare da an sayi komai ba. Malamai da ɗaliban ilimi da suka dogara da taskar littattafai ta Maktabatus Shamila na iya buɗe shafinta na intanet daga kowace kwamfuta.

Sai dai akwai sana'o'in da sauyin ba zai yi musu sauƙi ba. CorelDraw, wadda masu zanen katin biki, da kalanda, da allon talla suka dogara da ita, ba a yi ta domin Linux ba. Haka ma Photoshop da AutoCAD. Akwai madadinsu irin su Inkscape da GIMP, amma sai an sake koyo, kuma maɗaba'ar da za a kai wa aikin tana iya neman irin fayil ɗin da ta saba da shi.

Ga irin waɗannan, mafita ita ce a raba ma'ajiyar kwamfuta gida biyu, a bar Windows domin aikin zane, a riƙa shiga intanet da harkar banki ta ɓangaren Linux. Ko kuma su nemi kwamfuta mai ƙwaƙwalwa ta zubi na takwas zuwa sama, kamar ThinkPad T480 ta 2018, wadda ke karɓar manhajojin biyu.

Ita ma na'urar buga takarda sai an gwada ta. Kamfanin HP na samar da direbobin Linux ga yawancin na'urorinsa, amma wasu tsofaffin na'urori na wasu kamfanoni kan ba da wahala. Mai shagon buga takardu da ke son sauyawa zai fi samun natsuwa idan ya fara jona na'urar tasa da kwamfutar da aka tayar daga filashi, ya buga shafi ɗaya ya gani, kafin ya goge komai.